Aljanar da Ta Auri Nasiru

Har gobe ban manta da ranar da aka kawo mana Nasiru ba. A cikin shekarun 1990 ne, lokacin da ma'aikatu suka kwaso jama'a zuwa Abuja, tsadar haya kuma ta koro su Suleja. Ni a lokacin ƙaramar nas ce a sashen masu taɓin hankali na asibitin garin. Sama da ni akwai shugabar nas-nas, wata dattijuwa da muke kira Mama Ladi. Likitan ƙwaƙwalwa kuwa daga Minna yake zuwa, sau ɗaya a mako.

Nasiru akawu ne a wata ma'aikata, yana haya a unguwar Kwamba. Saurayi ne dogo, mai sanyin ido, irin wanda in a littafi ne da shi za a buɗe babin farko. Sai dai ya daina barci, yana jin muryoyi suna zaginsa, har ya fasa rediyon maƙwabcinsa don a ciki yake jin su. Yayansa, Alhaji Bala, ɗan kwangila mai babbar riga da babbar murya, shi ya kawo shi.

Ƙa'idarmu ita ce mu tambayi dangi ko majinyaci yana shan wani abu. Na tambaya a hankali.

"Subhanallahi! Sista, gidanmu kike faɗa wa haka?" in ji Alhaji. "Mu ko goro da tsari muke ci. Aljana ce ta aure shi. An duba, an gani."

Na lura da leɓen Nasiru da ya yi baƙi, na kalli Mama Ladi. Ita ma ta gani. Amma Alhaji ya gwammace a ce ƙanensa mijin aljana ne da a ce ɗan wiwi ne, don auren aljana ko a masallaci kana iya faɗa, a taya ka addu'a.

Likita ya rubuta magani, muka fara. Sai Alhaji ya ce akwai hayaƙin da wani mai magani a Lambata ya haɗa, dole a riƙa yi. A wancan zamani ba ma hana dangi rubutu ko turare, domin in ka hana, sai su kwashe majinyacinsu ka daina ganinsa. Saboda haka duk ranar dubiya Alhaji kan zo da ƙullinsa da kaskon garwashi, ya ja Nasiru can bayan sashen ƙarƙashin mangwaro, ya lulluɓe shi da bargo, ya riƙe bakin bargon da hannunsa kada hayaƙin ya tsere.

Abin da ya dame mu shi ne, tsakiyar mako Nasiru kan natsu, ya yi barci, ya yi salla. Washegarin dubiya kuwa sai muryoyin su dawo da ƙarfinsu. Alhaji ya fassara abin yadda ya so.

"Maganinku ne ke tsokanarta. Namu kuwa, yana shaƙa sai dariya, ya share kular tuwo tas. In ban ga sauyi ba zuwa Juma'a, can wurin mai maganin zan kai shi a sa masa mari a ƙafa har ta sake shi."

Na taɓa wanke ƙafar wanda aka ciro daga mari. Ban so in ga ta Nasiru haka ba.

Ran Laraba bayan la'asar na zauna kusa da gadonsa, na ce ya ba ni labarin amaryar. Ya lumshe ido.

"Fara ce sol, Sista. Gashinta har gadon baya. Idanunta dara-dara kamar madara, hancinta kamar biro. In ta yi murmushi kumatunta sai su lotsa."

Ni kuwa albashina ba ya shiga gida sai na biya ta wurin mai sayar da littattafan soyayya a kasuwa. Wannan yarinyar na san ta. Na haɗu da ita a littafi ya fi a ƙirga, wani lokaci 'yar attajiri, wani lokaci marainiya.

"Malam Nasiru," na ce, "tana da wushirya?"

"Tana da ita."

"In tana tafiya kamar ba ta son taka ƙasa?"

Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni. "Sista, ke ma kina karantawa?"

Muka yi dariya har ya share hawaye, daga nan dariyar ta tsaya, hawayen bai tsaya ba. Ya ce muryoyin tun yana gida Funtuwa suka fara, kafin ya san wiwi. Da ya zo nan, ɗaki shi kaɗai, wani abokin aiki ya ba shi wiwin, muryoyin suka lafa na ɗan lokaci, sannan suka dawo da 'yan rakiya. Ranar farko da Yaya ya lulluɓe shi ya gane warin abin da ke cikin ƙullin. Shi ne ya riƙa ƙara wa aljanar kyau, don kada a fasa hayaƙin.

"Ina tsoron marin, Sista. Amma ina tsoron rasa hayaƙin."

Na ce duka biyun aikinmu ne. Na nemi izininsa in gaya wa Mama Ladi, ya yarda.

Ran Juma'a Alhaji ya iso da mota da ƙarti biyu, da ƙullin ban kwana. Mama Ladi ta kira shi ofis, ta kwance ƙullin, ta ware sassaƙe gefe, ta tura masa sauran ganyen da 'ya'yansa.

"Ranka ya daɗe, in kana riƙe bargon nan, kai yaya kake ji?"

"Wallahi Hajiya, albarkar maganin har ni. Jikina sai ya yi sakayau. Ran nan a hanyar komawa na tsaya wurin mai tsire, sai da na kusa tashin tukubar."

"To, wiwi ce. Kai da ƙanenka kuke sha, kai ne ma mai saye."

Ban taɓa ganin babbar riga ta yi wa mutum yawa nan take ba sai ran nan. Ya dubi ganyen. Da ya buɗe baki, bai tambayi lafiyar Nasiru ba.

"Wa da wa suka sani?"

"Mu nan ba ma kai labarin majinyaci kasuwa," in ji Mama Ladi. "Amma ƙartin nan su koma, kasko kuma ya zauna a gida."

Haka aka yi. Muka haɗa jinyar biyu, maganin muryoyin da zaman hira kan barin shan, domin in ka kama ɗaya ka saki ɗaya, wanda ka saki shi zai jawo ɗan'uwansa. Nasiru ya sha wuya makonnin farko, ga gumi ga faɗa. Daga baya aka sallame shi ya koma aiki. Ya taɓa zamewa sau ɗaya, amma da ƙafarsa ya dawo, ya tsaya a ƙofa ya ce, "Sista, tsohuwar matar nan tana neman kome."

Abin da nake so ku riƙe, ku masu tasowa a aikin jinya, shi ne dangi kan zo da labarin da zai rufa musu asiri. Ku saurara da ladabi, sannan ku ja kujera kusa da mai ciwon ku tambaye shi nasa.

Alhaji kuwa, na ji shi da kunnena a wani taron suna a unguwar Magajiya yana ba da labarin yadda ya yi tsaye har aljana ta karɓi saki uku. Da ya hango ni sai ya ƙware da lemo.