Sunana Yana Ƙarƙashin Naka, Baba Iro

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Iro mai zane ya rasu.

Da safen nan ina kan tsani a kasuwar Babura, ina rubuta wa wani mai taki sunan shagonsa, sai ga kiran Sagiru, babban ɗansa. Ko sallama bai yi ba. "Habu, Baba ya cika." Na sauko na bar harafi rabi, ban ko rufe fentin ba, na nufi tasha.

Ga wanda bai sani ba, Baba Iro shi ne maigidana a Kazaure. Ni ban yi nisa a boko ba. Ɗan abin da na iya, a shagonsa na koya, a kan murfin bokitin da muke haɗa launi.

Shi ya fara danƙa min buroshi. Ƙosai in ya saya, raba shi yake biyu. Lokacin da mahaifiyata ta kwanta ciwo a Gwiwa, shi ya rufe shago ya goya ni a babur har ƙofar gida.

Bai yarda a sayi baƙin fenti ba. Yakan ce, "Baƙin kanti mushe ne. Haɗa shuɗi da ruwan ƙasa ka ga duhu mai rai."

Fentin akirilik kuwa, wato na ruwa da muke aiki da shi, ba ya jiran kowa, balle a zafin garinmu. Kafin ka gama amsa gaisuwa ya bushe. Sai ya koya min shimfiɗa siririya, a bar ta ta sha iska, a ɗora wata. "Haƙuri, Habu. Ta ƙasa ita ke haska ta sama."

Ina da wata ɗabi'a da yake yi wa dariya. In na gama aiki, da tsinke nake rubuta sunana, fentin da kauri. Sai ya ce, "Kai, suna kake rubutawa ko katanga kake ginawa? Fenti yana rufe launi, amma ba ya rufe tudu. Tudu sai an goge da sanfefa."

Ku riƙe wannan maganar.

Wata damina na yi zane ɗaya a kan allon katako, zanen da na zuba raina a ciki. Shanu ne suna gangarowa shan ruwa a gindin duwatsun Roni da yamma. Ruwan goro na fara shimfiɗawa, na bi shi da shuɗi tsararo, har ruwan ya zama kamar rana na ci a ƙarƙashinsa. Shanun farare ne, amma babu zallar fari a jikinsu, sai da na ɗan sa shunayya a cikkunansu. Akwai wata saniya mai ƙaho ɗaya a sunkuye, irin ta kakana.

Na kai masa da ɗoki. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Launin ya mutu, ya koma laka. Bar shi nan, zan shafe shi da fari mu yi allon talla. Hannunka na rubutun shago ne, Habu. Ba abin kunya ba ne, shi ma abinci ne."

Na yarda. Wa zan yarda da shi in ba shi ba?

Tun ranar ban sake zana ko kaza ba. Na tattara na koma Babura, ina rubuta "Ana cajin waya" da "Ba a fitsari a nan". Shekaru ke nan.

Ganinmu na ƙarshe, wata ranar kasuwar Babura ce kwanakin baya. Ya rame, amma bakin na nan. Ya tarar da ni a kan tsani, ya ce, "Sarkin haruffa, sauko ka gaida tsoho." Ya miƙo min leda, buroshi masu kyau da robar shuɗin fenti sabuwa.

Ya ce, "Har yau ba ka koma zane ba?"

Na ce, "Baba, ai kai ka ce hannuna na shago ne."

Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Kwandastan motar Kazaure na ta buga mota. Da zai shiga sai ya juyo. "In ka shigo Kazaure ka biyo gida. Ka zo da hantsi, lokacin da rana ke shiga ɗakina. Akwai abin da za ka gani."

Ban je ba. Na ce sai aiki ya lafa.

Yau a wajen jana'iza liman ya ce duk wanda yake da hakki a kan mamaci ya dubi Allah ya yafe. Wallahi muryata ta fi ta kowa: "Mun yafe!" Ina kuka nake faɗa.

Bayan mun dawo daga maƙabarta na shiga gaida Inna, matarsa. Sagiru ya ja hannuna zuwa ɗakin Baba, ɗakin da ban taɓa shiga ba. Ya ce, "Zo ka ga zanen da ya fi so. Duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa. Da shi ya samu manyan ayyukansa."

Shanuna ne.

Ga duwatsun, ga ruwan, ga saniyar kakana da ƙahonta a sunkuye. Baba bai ƙara ko ɗigo ba, sai a kusurwar ƙasa. Nan ya shimfiɗa kore mai duhu, ya rubuta Iro da fari.

Rana tana shigowa ta taga, ta kwanta a kan allon. Na ga inuwar tudun kafin in taɓa. Na ɗora yatsa, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Haruffan sunana suna nan a ƙasa, ko ɗaya bai goge ba.

Na kama yatsan Sagiru na ɗora masa. Ya shafa, ya sake shafawa, ya zauna a bakin gado.

Inna tana bakin ƙofa ashe. Ta ce, "Habu, ɗana, na sha gaya masa. Yakan ɗauko sanfefa ya zauna gaban allon nan, ya yi ta kallo, sai ya mayar aljihu."

Na ce, "Inna, ke ma kin sani?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Na san za ku ce ba a tona mamaci. Ni ma haka aka koya min, kuma na so in yi shiru. Amma tun azahar nake ganin hoton zanen nan yana yawo a waya, kowa na rubuta "hannun Baba Iro ba irin na kowa ba". Sagiru da kansa ya ce in faɗa.

Ba allon ne ya fi yi min ciwo ba. Da ya ce in ba shi, wallahi da hannu biyu zan miƙa. Abin da ke cina shi ne ya kalli idona ya ce launin ya mutu, alhali ya ga yana raye. Ya bar ni ina hawa tsani shekara da shekaru da wannan maganar a kaina.

Sagiru ya ce in ɗauki allon, in kankare sunan. Ba zai yiwu ba. Fentin ya riga ya kama juna. In na kankare nasa, nawa ma zai bi shi.

Baba, yafewar da na yi da safe, ban san abin da nake yafewa ba. Yanzu na sani, kuma ta yi min nauyi. Ba zan janye ta ba, don ba na son ka tsaya gaban Ubangiji saboda ni. Amma zuciyar ba ta riski bakin ba tukuna.

Robar shuɗin nan tana cikin jakata, ban taɓa buɗe ta ba. Gobe in Allah ya kai mu zan nemi allo.

Allah ya jiƙan Baba Iro, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da ƙosan da ya raba da ni, ya rufe masa abin da fenti ya kasa rufewa. Allah ya ba Inna da su Sagiru haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, kada ya zage shi a ƙarƙashin rubutun nan. Maigidana ne. Ku yi masa addu'a. In kun shafa, ku ƙara ɗaya, Allah ya sa in yafe masa har cikin zuciya.