Kilishi a daminar Yawunde

Har yau idan aka sa kaset ɗin mawaƙin nan, warin nama nake ji. Muryarsa da daɗi, ban musa ba, ni ma na yi daka ina bin amshinsa. Amma shi ya ci mana jari, kuma bai ma sani ba.

A shekarun da kowa ke cewa "la kiris", wato matsin tattalin arziki, lokacin da aka zaftare albashin ma'aikata, maigidana yana da tukubarsa ta tsire a bakin titi a unguwar Briqueterie, wadda muke kira Birik. Ciniki ya ja baya, don ma'aikacin da ya saba sayen balangu ya koma shaƙar hayaƙi ya wuce. Wata safiya maigida ya tarar nama ya yi araha a kasuwar Etoudi, mahauta na tsoron rikici suna neman rabuwa da shi. Sai ya zuba jarinsa kaf, ya dawo da cinyoyin shanu a bayan taksi, baki har kunne.

Yana cikin gyaran naman rediyo ta sako hira da mawaƙin, daga can ƙasar Turawa. Wai mulki ba a fada yake ba, yana hannun mai gishiri da mai gawayi. Wai idan talaka ya naɗe hannu ya rufe rumfarsa, na sama ne zai fara jin yunwa. Ya yi kira a rufe gari. Maigida ya ajiye wuƙa a hankali.

Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Ba ki ji ba? Ba zan hura wuta ba sai an buɗe gari."

"To naman fa?"

"Kilishi za mu yi. Kilishi ba ya lalacewa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tuna masa ba mu da firigo na sanyaya nama, ko muna da shi kuran ɗin, wato lantarki, sai ya ga dama yake zuwa. Na ce ya leƙa titi ya gani, maƙwabtansa duk sun hura wuta, kasuwar Mokolo ma tana ci kamar kullum. Ya ce ai da ɗaya ake farawa. Na ce shi mai waƙar ya rufe bakinsa ne? Ya ce mata ba su san "politik" ba, wato siyasa. Na ƙyale shi, don wanda bai ji bari ba, zai ji hoho.

A Garwa, inda ya koyi sana'a, ana shanya nama da hantsi, kafin la'asar ya bushe ƙarau. Ya manta nan Yawunde ce, kuma damina ta kankama. Muka yanka naman fale-fale har yatsuna suka sage, muka shimfiɗa a kan kwanon ɗaki. Ko gama jerawa ba mu yi ba hadari ya haɗo. Mu kwashe, mu shanya, mu sake kwashewa. Na dama labu na ƙuli-ƙuli da kayan yaji, ya yi tsami yana jiran naman da ya ƙi bushewa. Muka ɗaura igiya a cikin ɗaki muka rataye shi, ƙudan unguwa duk suka zo gaisuwa. Da naman ya fara kore na roƙe shi ya gasa ko rabi ne ya sayar. Ya ce ya riga ya yi magana. A kwata muka zubar, ina kuka, yana kallon sama.

Tukubar ba ta sake tashi ba. Mutumin da ke da wurin kansa ya koma fifita wuta a tukubar wani, ana aikensa sayen albasa. Na sama kuwa ban ji labarin ya rame ba.

Bayan shekaru mawaƙin ya dawo ƙasa, aka kawo shi Birik cin tsire a wata doguwar mota. Allah da ikonsa, a inda maigida ke aiki suka tsaya. Ya dawo gida yana rawar jiki, wai shi da hannunsa ya barbaɗa masa yaji, har sun yi musabaha.

Na ce, "Ka gaya masa?"

"Na gaya masa me?"

"Abin da maganarsa ta ja mana."

Ya dube ni da mamaki, tsakaninsa da Allah. Ya ce, "Haba, shi mene ne laifinsa? Gaskiya ya faɗa. Rana ce ba ta fito ba."