Maigandi da Ƙashin Ayu

Maigandi abokina ne tun muna aji ɗaya a firamare a Wurno. Ni daga nan na tsaya, na koyi gyaran injin ban-ruwa. Shi ya ɗan ƙara gaba, ya samu aikin yi wa shanu allura. Ya rasu da daminar bara. Ina rubuta wannan ne domin an fi tuna shi da sunan da aka laƙaba masa, Malamin Dodanni, har matasan yanzu suna zaton boka ne. Ba boka ba ne. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana bin labarin dabbobin da ake cewa akwai su, amma ba wanda ya taɓa kawo su aka gani.

A ruga abin ya faro. In ya gama allura aka kawo masa nono, sai dattawan Fulani su shiga ba shi labarin abin da suka gamu da shi a daji ko a mashaya. Wani ma'aikacin zai yi dariya ya hau kekensa. Maigandi sai ya tambayi girman sawun, da launin gashin, da ko abin ya yi kuka, ya dawo gida ya rubuta.

Da aka gama dam ɗin Goronyo, gulbin Rima ya canza hali. Wuraren da ke cika da damina suka daina cika, tsofaffin masunta suka watse, wasu suka koma noman albasa. Maigandi ya ce mini labaran nan za su bi tsofaffin zuwa kabari. Ya ajiye aikin gwamnati. 'Yan'uwansa sun yi faɗa, matarsa Sabuwa ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba, daga baya ta haƙura. Ya riƙe 'yar fadamarsa, ni nake duba masa injin, sauran lokacinsa kuwa na yawo ne da rubutu. Yakan kai rubutun Sakkwato a buga masa ƙananan littattafai, ranar kasuwar Goronyo ya shimfiɗa su a tabarma tsakanin masu albasa da mai igiya.

Yadda yake aiki shi ne, sai ya je wurin da ƙafarsa, ya tambayi mutane ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba. Yawancin dodannin nasa sun ƙare a abin da kowa ya sani. Abin da ke tone dankali a wata fadama ta Rabah, wanda aka ce yana da hannu irin na mutum, beguwa ce. Baƙin abin da ke ɗago baya a ƙasan dam in ruwa ya ja, tsohuwar tayar katafila ce da magina suka bari. Ya rubuta haka yadda ya gani, littafin kuwa ya ƙi sayuwa. Mutane ba su ji daɗin a mayar musu da dodo taya ba.

Dabba ɗaya ce ta gagare shi, ita ce ayu. Tsofaffin masunta sun ce da can akwai shi a gulbin nan. Girmansa ya kai na sa, ba shi da ƙafafun baya, yana fitowa ya ci ciyawar gaɓa, macen kuma tana rungume ɗanta ta ba shi nono. Wasu sun ce kifi ne, wasu sun ce aljani ne. Duk wanda ya ba da labarin, kakansa ne ya gani, ba shi ba.

Akwai wani malamin kimiyya a sakandaren garinmu, Malam Rufus, Kirista ne daga kudancin Kaduna, shi kaɗai ne bai taɓa yi wa Maigandi dariya ba. Ya nuna masa hoton wata dabba a littafi, ya ce an san ta a manyan koguna irin Kwara da Binuwai, amma bai taɓa ganin inda aka rubuta cewa ta hauro har nan ba. Ya ce in za a samu ƙashi, ko da guntu ne, ya san wanda zai duba shi a jami'a a Sakkwato. Daga ranar nan Maigandi ya san abin da yake nema.

Ƙashin kuwa akwai shi. Yana hannun wani tsohon masunci, Baba Abu, a wata tunga ƙasa da Rabah. Ya gaje shi daga ubansa, wanda ya ce nasa uban ne ya soki dabbar da mashi. Ni na kai Maigandi a babur ranar farko. Tsohon ya kwance wani tsumma ya miƙa masa. Haƙarƙari ne, tsawonsa ya kusa kamu ɗaya, nauyinsa kamar dutse, ba ramin ɓargo a ciki ko kaɗan.

Sai dai ƙashin magani ne a wurinsu. Mai ciwon baya, ko ciwon ƙirji, ko matar da naƙuda ta yi wa tsanani, 'yan'uwa sukan zo da ƙoƙo. Baba Abu ya jiƙa dutse, ya goga ƙashin a kai har ruwan ya yi fari, ya ɗauraye a ƙoƙon a kai wa majinyaci. Ƙashin ba ya fita daga gidan, haka aka bar masa shi.

Maigandi ya roƙi aro na 'yan kwanaki. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa.

"Mi kaka so da shi, in ba ciwo kaka ba?"

"So nika in san ko ƙashin mi ne, Baba."

"Na hwaɗa maka, na ayu na."

"Likitocin jami'a za su duba, su rubuta."

"In sun rubuta, sai ayu shi dawo?"

Tsohon ya juya ga masu ɗinkin taru da ke gefe, ya ce yaron nan dai akwai abin da ke damunsa, ko matarsa ce ta koka yake jin kunyar faɗi? Suka yi ta dariya, wani ya ce a goga masa mai kauri. Baba Abu bai taɓa yarda cewa mutum zai bi ƙashi don kawai ya san shi ba. Ya yanke a ransa cewa Maigandi yana ɓoye wani ciwo ne, kuma har ya mutu bai sauka daga kan haka ba.

Duk shekara bayan girbi Maigandi yakan koma da goro, ya sake roƙo, a sake hana shi cikin raha. Abin da aka yarje masa shi ne awo. Yakan auna tsawon ƙashin da zare, ya yanke, ya zo ya rataye zaren a ƙusa a ɗakinsa. Zaren kowace shekara ya fi na bara gajarta. In na shiga ɗakin nakan kau da ido daga ƙusar, shi kuwa ita yake fara kallo in ya tashi.

An ba shi shawara ya ɓantari kaɗan in tsohon ya tafi masallaci. Ya ce shi duk abin da ya samu yakan rubuta yadda ya same shi, to sai ya rubuta cewa ya yi sata ke nan? In ana goga ƙashin a gabansa yakan juya fuska. Amma na san ranar da wani mutum ya zo a ƙafa, matarsa tana kan gwiwa tun jiya, Maigandi ne ya karɓi babur ɗina ya kai shi da ƙoƙon har ƙofar gida.

Shekarar babbar ambaliya ruwa ya cinye tungar. Baba Abu ya koma Lahodu wurin dangin matarsa Habi, bai daɗe ba ya rasu. Ƙashin ya zauna a hannun Inna Habi, ta ci gaba da goga wa mutane. Da Maigandi ya je ta'aziyya ya tambaye ta batun ƙashin, ta ce marigayi ya bar magana a kansa, amma lokacinta bai yi ba. Ya dawo da murna. Ya ce mini tsohon ya gane a ƙarshe. Ya ci gaba da zuwa awo, yana jira, ƙashin kuwa ya koma kamar babban yatsa.

Sai tari ya kama Maigandi. An kai shi asibiti a nan, aka wuce da shi Sakkwato, aka dawo da shi gida da magunguna. Ya rame har agogo yana zamewa daga hannunsa. A lokacin Malam Rufus ya yi ritaya, yana ɗaure kaya zai koma garinsu. Maigandi ya aika wa Inna Habi ta hannun wani direban Achida cewa yana kwance, in lokacin maganar ya yi, to yanzu ne. Malam Rufus ya ɗage tafiyarsa don ya kai guntun jami'a da hannunsa.

Ta zo da hantsi a bayan ɗan kabu-kabu. Ina wurin, Malam Rufus ma yana nan, Sabuwa tana bakin ƙofa. Tsohuwar ta zauna, ta huta, ta ajiye wani kwano mai murfi da ta ɗaure da ɗankwali. Ta ce marigayi ya gaya mata, yaron nan yana da ciwon da yake ɓoyewa, ranar da ya yarda ya faɗa kada a goga masa kamar sauran mutane, a ba shi duka. Don haka da ta idar da sallar asuba ta daka shi a ƙaramin turmi, ta tankaɗe, ta dama shi a kunun tsamiya.

"Ko ƙwaya ban rage ba, ɗana," in ji ta. "Naka na."

Ta buɗe kwanon. Kunun bai huce ba.

Malam Rufus ya matso, ya ce a hankali ko za a ɗebi kaɗan a kwalba, wataƙila a iya gane wani abu, ko da yake bai ba da tabbaci ba. Inna Habi ta ce ai in an rage ba ya aiki, haka marigayi ya faɗa. Ta zuba wa Maigandi ido tana jira, ƙafafunta duk laka, don an yi ruwa a hanya.

Maigandi ya daɗe yana kallon ƙusar. Sannan ya ce wa Sabuwa ta kawo ludayi. Na tallafe shi ya zauna, ƙasusuwan bayansa suna taɓa ƙirjina. Ya sha a hankali, yana tsayawa yana tari, har ya kai ƙarshe. Ya yi wa tsohuwar godiya, ya yi wa Baba Abu addu'a, ya sa aka ba ta abinci. Da ta fita alwala sai ya juya.

"Malam Rufus, ɗauki biro. Rubuta: ba shi da ɗaci. Akwai tsaki-tsaki kamar alli. Ƙarni kaɗan daga baya."

Malam Rufus ya rubuta.

Ya rasu kafin gero ya nuna. Ni da Malam Rufus muka kai littafinsa na ƙarshe aka buga, na ayu ne. A shafin ƙarshe, wanda ya faɗa aka rubuta masa, ya ce ya ga ƙashin, ya riƙe shi, ya auna shi shekara da shekaru, ya kuma sha shi, amma bai tabbatar ko na wace dabba ba ne. Ya roƙi duk wanda ya ji labarin wani ƙashin irinsa ya je da wuri.

Inna Habi tana nan da rai. Takan gaya wa mutane cewa maganin ya makara ne don ya daɗe yana ɓoye ciwon. Ba wanda ya gyara mata a cikinmu.

Zaruruwan suna nan a ƙusa, Sabuwa ta hana a taɓa. Nakan je gaishe ta ranar Juma'a, ta buɗe mini ɗakin in ɗan zauna. Na gwada mafi gajarta a babban yatsana, bai kai ƙarshen farce ba. Allah ya jiƙan Maigandi. Ni dai na yi rashin aboki, kuma har yau in na bi gaɓar gulbi zuwa gyaran inji, nakan tsaya in duba inda aka ci ciyawa.