Yayana da Akwatin Intanet

Yayana tela ne, kuma kurma ne tun haihuwa. Shagonsa a zauren gidansa yake: keken ɗinki, teburin yanka, da guntayen yadi ko'ina a ƙasa. Mai kawo ɗinki ya nuna da hannu, shi ya auna, ya gyaɗa kai, magana ta ƙare. Ban taɓa ganin ya yi fushi ba. Ni aka bar wa wannan gadon. A maganar hannu ma sunan da ya sa min shi ne ya buɗe yatsu ya rufe, wato baki ba ya hutawa.

'Yarsa ɗaya ce, aure ya kai ta nesa. Saboda ita ya sa aka jona masa intanet, ɗan farin akwati a kan kanta kusa da zaruruwa. Da yamma yakan jingina waya da gwangwanin maɓallai, su yi ta hira ta bidiyo, hannu na tashi, yana dariya har da hawaye. Ga ta da tsohon ciki, yau ko gobe.

Sai akwatin ya fara nuna jar wuta. Waya kuwa a zauren nan ba ta kama sabis ko na gaisuwa.

Na fita ƙofar gida na kira kamfanin. Wata yarinya mai zaƙin murya ta ce, "Hajiya, ki kashe ki kunna."

"Na kashe na kunna har yatsana ya gaji."

"To ba ni mai layin, da shi za mu yi magana."

"Mai layin kurma ne."

"Ayya. To idan ya samu dama ya kira mu da kansa."

Dama! Kamar kurumta aiki ce da ake tashi daga ita. Na sake kira, wani ya ɗauka, ya karanto min abu ɗaya. Yaya yana kallon bakina yana murmushi, yana buɗe yatsu yana rufewa.

Shi ne ya cire akwatin, ya naɗe shi a ragowar yadi, muka tafi ofishinsu. Saurayin da ke kan tebur ya tura mana wayar ofis, wai ƙorafi ta waya ake yi. Na buɗe baki, Yaya ya dafa min hannu. Ya ɗauki wayar, ya kara a kunne, ya zauna yana kallon saurayin, shiru, cikin ladabi. Layi ya taru a bayanmu. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗana, kai ma dai ka ji kunya mana."

Sabon akwati muka dawo da shi.

Koriyar wuta na kamawa ya kira 'yarsa. Ashe ta sauka tun jiya. Tana kwance, ta ɗago ɗan hannun jaririn, ta kaɗa wa kakansa. Ni kuwa ranar bakina ya huta.