Dokin Wakilin Udubo

Na ga abubuwa da yawa a Azare, galibinsu sun bi ruwa, amma ranar da maigidana ya zaɓi wakilin gonarsa ta Udubo tana nan daram a raina, kuma ba na jin za ta fita sai ƙasa ta rufe mini ido.

Lokacin sojoji suna dawowa daga yaƙin Bama, zamanin Turawa. Maigidan nawa wani Alhaji ne mai fataucin shanu, ni kuma tun ina saurayi nake bin sa. Ya mallaki gona da garke a Udubo, yana neman wanda zai zauna can ya riƙe masa. Wakilcin nan yana tafe da gida, da doki, da kuma sunan. Sunan ne ya fi tsone mini ido. Ina kwance ina jin yadda za a riƙa cewa "ga Wakili nan tafe", har murmushi nake ni kaɗai. A ganina ba ni da abokin takara, don duk gidan babu wanda ya kai ni sanin shanu, balle iya baki.

Ashe akwai. Wani Babarbare ne da ya zo daga gabas da matarsa da 'ya'yansa, suna raɓe a wani ɗaki na aro a bayan kasuwa. Yana yi wa Alhaji ƙananan ayyuka, ba ya magana sai an tambaye shi. Ni ko kallon kirki ban taɓa yi masa ba.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko, Alhaji ya kira mu zaure mu biyu. Aka kawo fura muka sha. Bai tambaye mu shanu ba, bai tambaye mu noma ba. Sai ya sa aka fito da wata riga mai aska, shuɗiya, tana ƙyalli, da buhun gero a gefe. Ya ce kowa ya ɗauki abin da ransa ke so, in kuma babu shi a nan, ya faɗa. Kafin ya rufe baki hannuna yana kan rigar. Babarbaren kuwa ya ce, "Alhaji, gero ana ci ya ƙare. Ni dai da zan sami wurin da zan dasa itace, 'ya'yana su tashi su ce nan ne garinsu, ya ishe ni."

A zuciyata na ce wannan ya kashe kansa da kansa. Sai kawai na ji Alhaji ya ce, "To Malam, ka shirya iyalinka, Udubo taka ce."

Na naɗe rigata na fita. Ranar da zai tafi, ina tsaye ina kallo aka ɗaura wa dokin sirdi. Mutumin da ko linzami bai iya riƙewa ba, ya hau yana tangaɗi, mutane suna "Allah ya kiyaye hanya, Wakili." Ƙyashi ya hana ni cin abinci. Kowace Sallah ya shigo gari sai na dubi dokin daga kunne har kofato, ina neman rama ko miki, ban samu ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Da abin ya ishe ni, na sami Alhaji na ce, "Ranka ya daɗe, me na yi? Na fi shi sanin aiki, kowa ya sani." Ya yi dariya ya ce, "Ka fi shi, ban musa ba. Amma wa zai ga rigarka a Udubo? Shanu? Kai yunwarka ta idon jama'a ce, tasa ta matsuguni. In na ba ka can, kafin kaka ka fara neman dalilin shigowa gari. Shi kuwa ko da bulala ba zai baro ba." Ya mai da ni dillalinsa a kara, kasuwar shanu, inda ake ciniki da baki, ana gani ana yabawa. Na yi suna kuwa, ba ƙarya.

Wata damina aka aike ni Udubo. Na ci ado da rigar nan, na isa, babu mai kallo sai wata tsohuwa Bafulatana da ta ce in matsa kar in taka mata ƙwarya. Kafin yamma na ƙosa. Shi kuwa Wakili yana durƙushe yana kewaye wa 'yan dashen darbejiyarsa da ƙaya saboda awaki, fuskarsa wasai.

Abin da na koya shi ne, ba wanda ya fi iyawa ake ba aiki ba, sai wanda aikin zai kashe masa ƙishirwarsa, don shi ne zai riƙe shi da hannu biyu. Na yarda Alhaji ya yi daidai, amma kar wani ya ce na huce. Rigata ta daɗe da zama tsumma. Bara da aka kai ni Udubo ta'aziyyar Wakili, a inuwar darbejiyar nan aka shimfiɗa mini tabarma, jikokinsa suna yi mini sannu da zuwa garinsu.