Tonau da Kunyar Bakin Gona

Dankalin turawa ba shukar mai gajen haƙuri ba ce, domin duk abin da yake yi a ƙarƙashin ƙasa yake yinsa. Sai Allah ya haɗa shi da Tonau, mutumin da ko ruwa aka ɗora a wuta sai ya buɗe tukunya ya leƙa.

A zamaninsu ba a sayen iri. Na bara ake yankawa, kowane yanki da idonsa, a tsoma bakin yankan a toka, a binne a kunya, a bi da takin awaki. A nan Tonau gwani ne. Jira ne ya gagare shi. Da ganye ya rufe ƙasa sai ya fara zagaye, ya tsuguna, ya zura yatsa a gindin shuka.

"Maigida, me kake nema?" in ji matarsa.

"Gaisawa muke."

"Jiya ma kun gaisa. Surukinka ne?"

Duk dankalin da ya tone, rana ta doke shi, sai ya yi kore ya yi ɗaci, ba mai iya kai shi baki.

Wata shekara ruɓa ta shiga ɗakin ajiya, kwando ɗaya ya tsira. Irin da ya samu wurin mahaifiyarsa ne, mai jan ɓawo. In ya ƙare, ya ƙare ke nan. Da aka shuka, matar ta nuna masa kunyar bakin gona.

"Wannan taka ce, tone ta har ka gaji. Ka taɓa sauran, ni da kai ne."

Ya cika alkawari, da ƙyar. Yakan wuce sauran kunyoyin, hannu a baya, kamar mai zuwa ta'aziyya, ya je ya huce a tasa.

Dankali ya yi, amma hatsi bai yi ba. Gida ya koma kan dankali safe da yamma, har aka cinye wanda aka ware na iri. Tonau ya kasa zaune ya kasa tsaye. Da damina ta gabato ya shiga ɗakin ajiya yana kakkaɓe kwanduna. A lungu ya tarar da korayen nan nasa da kowa ya ƙi, sun fid da tsiro gajeru masu kauri.

Ya fito da ɗaya a tafin hannu. Matar ta juya shi, ta duba idon.

"Kawo toka," ta ce. "Amma bana ma kunya ɗaya ce taka."

"Biyu."

Kafin ta buɗe baki ya kai ƙofa da fartanya.