Khala Zulai ba mayya ba ce

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina haɗa shayi aka bugo min waya, wai Khala Zulai ta rasu a unguwar Bani Malik.

Na buɗe group ɗin 'yan tsohuwar unguwarmu, sai ga su layi-layi: "mutuniyar kirki", "uwar marayu". Wallahi raina ya ɓaci. Yau ne kuka sani?

Ga waɗanda ba su san ta ba, maƙwabciyarmu ce a unguwar Kurayyat, nan ƙasa mai tsarki, can shekarun saba'in. Khala muke ce mata, wato inna. Tana dafa abinci a gidan wasu Amurkawa masu aikin kamfani. In na yi kuka ita ke min kitso, in takalmina ya tsinke ita ke ɗinkewa.

Wata shekara matar gidan ta sa ta yin biskit na bikinsu na Halowin, wanda yaransu ke shigar dodanni. Aikin ya yi mata yawa, sai ta gasa can, ta kawo gida a tire, ta kira mu yara mu taya ta yi wa biskit ɗin ado.

Ta dama garin sukari da farin ƙwai, ta naɗe takarda kamar mazurari, ta ce, "Yalla, maza kowa ya zana dodonsa, wanda ya fi muni shi ya ci gasa."

Jemage, baƙar mage, kabewa mai haƙora. Ni na ɗauki mai siffar ƙoƙon kai na yi masa jajayen idanu. Mun yi dariya har da faɗuwa ƙasa.

Na ɓoye nawa na kai wa ƙanena Sani. Ya gutsiri rabi, ya tura sauran ƙarƙashin filo.

Bayan kwana biyu zazzaɓi ya kayar da shi. Ummanmu tana kakkaɓe shimfiɗa ta ga rabin ƙoƙon kai da jan ido ɗaya. Ta ƙwalla ihu.

Kafin azahar unguwa ta ɗauka: Zulai ta kama kurwar Sani.

Aka jawo ta har tsakar gidanmu, aka ce sai ta tsallake shi. Ta rantse, ta yi bayani, babu mai ji. Ta dubi yaron yana rawar ɗari, ta ce, "In wannan zai kwantar da hankalin uwarsa, halas, shi ke nan." Ta tsallake shi tana hawaye.

Aka ce, kun gani, ta amsa!

Ƙyanda ce fa. Ƙyanda! Ta feso, ya warke, aka ce ai don ta sake shi ne.

Ni kuwa ina tsaye jikin ƙofa. Ni na zana idon nan, ni na kai masa. Tsoron duka ya sa na yi gum. Shekarata tara, amma na san gaskiya.

Daga nan ba mai cin abincinta, ba mai gayyatar ta suna. In ta taho, mata su janye 'ya'yansu. Ta tattara ta bar unguwar.

Bara da azumi na je wurinta. Na durƙusa na faɗa mata komai. Ta riƙe hannuna ta ce, "Na sani tun ranar, ya binti, 'yata. Ke yarinya ce. Manyan ne suka ba ni mamaki." Sai ta tambaye ni 'ya'yan Sani nawa yanzu.

Na yi mata alkawarin zan faɗa a gaban kowa. Na yi ta cewa gobe, gobe. Haushin kaina nake ji fiye da naku.

To ga shi na faɗa, bayan ba za ta ji ba.

Allah Ya jiƙan Khala Zulai, Ya haskaka kabarinta, Ya saka mata. Ku taya ni yi mata addu'a don Allah. Amma duk wanda yake tsakar gidanmu ranar nan, kar ya rubuta min "amin" kawai. Ya rubuta da sunansa cewa ƙarya muka yi mata, jikokinta suna karantawa.